Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Gasar Matasa Matuƙa Jirgi da Sadakar Takardar Gayyata

Kowace shekara, galibi cikin watan Agusta, ɗaruruwan samari da ƴan mata waɗanda ba su kai shekara 19 ba sukan taru a bakin wani tabki domin tseren jirgin ruwa na tuƙi, wasan da Faransawa ke kira aviron. Masu shirya taron suna ce masa gasar duniya. An fara shi a 1967 a garin Ratzeburg na Jamus ta Yamma, aka buɗe wa ƴan mata ƙofa a 1978 a Belgirad, sa'an nan a 1985 aka laƙaba masa sunan gasar duniya. Daga 1967 zuwa 2025 gasar ta zagaya tabkunan Jamus, Italiya, Faransa, Bulgeriya, Lituwaniya da sauransu, wasu ma ta koma musu sau biyu ko sau uku. Ba ta taɓa sauka a Afirka ba, ko sau ɗaya. Hukumar da ke riƙe da ita, FISA, wadda aka kafa a birnin Turin a 1892, wadda kuma mazauninta ke Lozan, tana alfahari da cewa ita ce mafi tsufa cikin hukumomin wasanni na ƙasa da ƙasa. Tsufan gaskiya ne. Amma kalmar “duniya” da aka ɗora wa gasar tana bukatar a tuhume ta, kuma tuhumar ba za ta tsaya a Lozan ba, sai ta iso Yamai.

Wasan ya bambanta da tuƙin kwalekwalen da aka sani a kogin Isa. Matuƙin kwalekwale yana fuskantar inda za shi, filafilinsa a hannu, babu abin da ya ɗaure shi da jirgi. Mai tuƙin aviron kuwa baya yake juya wa inda ya nufa, filafilinsa na maƙale a wani ƙarfe da ya fito daga gefen jirgin, kujerarsa tana zamewa gaba da baya a kan ƴan tayoyi, ta yadda mafi yawan ƙarfin daga cinyoyi yake fitowa, ba daga damatsa ba. Jirgin mutum ɗaya ya kai kimanin mita 8 a tsawo, doka ta ce kada nauyinsa ya gaza kilo 14, kuma siririntarsa ta kai inda wanda bai saba ba, da ya zauna sai ya kife. Na mutum takwas ya kusa mita 18, ga na tara a zaune yana riƙe da akala yana ba da umurni. Wannan fasaha ba a koyon ta cikin wata uku. Jiki ne ke haddace ta sannu a hankali, kamar yadda almajiri ke haddace allo, kuma shekarun haddar su ne shekarun kwaleji da lise. Shi ya sa wanda ke son sanin ƙasashen da za su kwashi lambobi a wasannin Olamfik nan da shekara takwas, sai ya dubi jerin sunayen gasar matasa ta bana.

Mai kare hukumar zai ce gasar ta sha fita daga Turai. Haka ne. To amma a dubi inda ta tafi da dalilin tafiyar: Bejin a 2007, Riyo a 2015, Tokiyo a 2019. Kowane ɗaya daga cikin biranen nan yana shirin karɓar Olamfik ne a shekara mai biye, aka aika matasa su gwada masa ruwa. In aka cire Kanada, wadda ta karɓi gasar a Montreyal da kuma St. Catharines a 2024, kusan duk fitar da ta yi ta gwaji ce. Ko a cikin Turai haka aka yi da Atina a 2003, da Eton a 2011, da Pari a 2023. Kuma gwajin ba kullum yake zuwa da sauƙi ba. A Schinias, kusa da Atina, iska mai ƙarfi ta cika jirage da ruwa, wasu suka nutse da yaran a ciki, ƴan tawagar Jamus kuma cutar salmonela ta kwantar da su har suka janye. A Riyo, ƴan wasa 13 daga cikin 40 na tawagar Amurka sun kamu da ciwon ciki, a daidai lokacin da ake ta ce-ce-ku-ce kan ƙazantar tabkin da aka yi tseren, ko da yake ba a tabbatar ruwan ne sanadi ba. Saboda haka wanda zai ce iska ko tsabtar ruwa ce ke hana kai gasar Afirka, sai ya nemi wata hujja. Ga tabkin Tunis da ya saba karɓar gasar nahiya, ga madatsar Roodeplaat ta Afirka ta Kudu da ta karɓi taron tsofaffin matuƙa na duniya a 2023. An kai dattawa Afirka su yi tsere. Ba a kai yara ba.

Hujja ta biyu ita ce ƙa'ida. Filin tsere tilas ya zama mita 2,000 a miƙe sambal, ruwa kwance marar gudu, layi shida aƙalla, kowane layi faɗinsa wajen mita 13 da rabi, an jera ƙwallaye masu iyo suna raba su. Kogi mai gudu kamar Isa ya faɗi jarrabawa tun kafin a duba shi. Jiragen da ake cin lambobi da su, na zaren kabon, a masana'antu irin su Empacher ta Jamus da Filippi ta Italiya ake ƙera su, kuɗin na mutum takwas guda ɗaya kuwa miliyoyin sefa ne masu yawa, ban da filafilai da kuɗin dakon kaya mai tsawon mita 18 zuwa ƙasar da ba ta da bakin teku. An daɗe ana nuna cewa mita 2,000 ɗin nan tamkar saukakkiya ce. Sai ga Los Anjalas za ta karɓi Olamfik ta 2028, tsohon filinta na Long Beach bai kai tsawon ba, aka amince a yi tseren a mita 1,500. Ashe ƙa'idar tana lanƙwasuwa, muddin mai roƙon yana da nauyi.

Akwai wani ruwa guda da ya isa misali. Tabkin Dorney, a yammacin Landan, ba Allah ne ya ajiye shi a yadda yake ba, ba kuma gwamnati ce ta haƙa shi ba. Makarantar Eton ce, wadda aka kafa a 1440, makarantar ƴaƴan masu hali da ta yaye firaministocin Ingila da dama, ta haƙa wa ɗalibanta tabki mai tsawon mita 2,200, aikin da ya ci shekara goma da kimanin fam miliyan 17. A kan wannan ruwa aka yi gasar matasa ta 2011. A kansa kuma, shekara guda bayan haka, duniya ta ga ɗan Nijar a cikin jirgin tsere a wasannin Olamfik.

Hamadu Jibo Isaka yana da shekara 35 a lokacin. Mai aikin lambu ne kuma mai kula da wurin iyo a Yamai, ɗan wasan ninƙaya tun asali. An aika shi horo Masar da Tunisiya, ya yi kimanin wata uku yana koyon tuƙi, aka ba Nijar takardar gayyata irin wadda kwamitin Olamfik ke ba ƙananan ƙasashe, aka saka shi a tseren mutum ɗaya. Ya zo na ƙarshe a duk zagayen da ya shiga. A ɗaya daga cikinsu ya cika mita 2,000 cikin minti 8 da daƙiƙa 39, alhali Mahe Drysdale na Niyu Zilan ya ci zinare cikin ƙasa da minti 7. Jama'ar da ke bakin ruwa sun tashi tsaye suna yi masa tafi, jaridun Ingila suka yi ta raɗa masa sunayen barkwanci. Babu mai hankalin da zai zargi mutumin. An ba shi aiki, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, bai kife ba, bai tsaya ba, ya kai ƙarshe kowace rana. Abin tambaya shi ne me tafin ya haifar. An ce zuwansa zai shuka wasan a ƙasarsa. Aka yi Riyo a 2016, aka yi Tokiyo a 2021, aka yi Pari a 2024, babu matuƙi ɗan Nijar a ko ɗaya.

Steve Redgrave, Bature ɗan Ingila da ya ci zinare a wasannin Olamfik biyar a jere daga 1984 zuwa 2000, ya soki gayyatar a fili, yana mai cewa akwai matuƙan da suka fi ƙwarewa a wasu ƙasashe da aka bari a gida. Mutane da yawa sun ɗauki maganar a matsayin girman kai na wanda ya ƙoshi. Wataƙila akwai hakan a ciki. Amma tarihin mai maganar ya fi maganar amfani. Redgrave ba ɗan Eton ba ne. Ɗan magini ne da ya yi makarantar gwamnati a garin Marlow, karatu yana ba shi wuya, malaminsa na Turanci ne ya dube shi ya ga girman jikinsa, ya ja shi zuwa kogin Tems tare da wasu yara. Kafin ya cika 19 ya riga ya shiga gasar matasa ta duniya, ya ciwo azurfa a 1980. Shekara huɗu bayan nan ya ci zinarensa na farko. Tsakaninsa da Hamadu Jibo Isaka akwai bambancin kuɗi da na kayan aiki, babu shakka, amma babban bambancin shekara ashirin ne: ɗaya malami ya same shi yana yaro, ɗaya hukuma ta same shi yana magidanci.

Kada a ce wannan labarin Turawa ne kawai. A wancan mako na 2012, a kan wancan ruwa na Dorney, jirgin mutum huɗu na Afirka ta Kudu ya ci zinare a rukunin marasa nauyi, kuma cikin huɗun akwai Sizwe Ndlovu, baƙar fata na farko daga Afirka da ya ci zinaren Olamfik a wannan wasa. Shi ma a makarantar sakandare ta Mondeor, a Johanasbag, shugaban makarantarsa ya sa shi a jirgi. Cierika Ukogu da ta wakilci Nijeriya a Riyo a 2016 a makarantar ƴan mata ta Amurka ta koya, ta ci gaba a jami'ar Stanford, kuma da roƙon gudummawar jama'a ta haɗa kuɗin horonta. Privel Hinkati na Benin a birnin Caen na Faransa ya tashi ya koya. Duk inda aka bi sawun matuƙi na ƙwarai, sai a tarar da makaranta ko ƙungiyar unguwa a farkon hanya, da wani babba da ya sadaukar da asubahinsa. Ƙasashen Afirka da suka saba aika yara gasar matasa, wato Afirka ta Kudu, Zimbabwe, Masar da Tunisiya, su ne dai waɗanda wasan ke da gindi a makarantunsu ko a ƙungiyoyinsu.

Laifin hukumar duniya ke nan a fili. Takardar gayyata araha gare ta: kujera ɗaya a jirgin sama, ɗaki ɗaya a masaukin ƴan wasa, tuta ɗaya da za a ƙara cikin lissafi ranar da kwamitin Olamfik ya tambayi ƙasa nawa ke yin wasan. Raya ƙungiyar yara a bakin kogi na shekara goma kuwa aiki ne mai cin rai wanda kyamara ba ta zuwa ɗauka. Hukumar tana da shirin taimako, tana ba da jirage da horo, ba a musun wannan. Amma awo a kan sakamako ake yin sa, sakamakon kuwa yana rubuce a jerin masu cin lambobin gasar matasa, inda Jamus, Italiya, Romaniya, Ingila da Amurka ke ta maimaita kansu. Ƙari a kan haka, rukunin marasa nauyi da aka shigar cikin Olamfik a 1996 domin ƙasashen da mutanensu ba ƙatta ba ne su sami rabo, an soke na mutum huɗu bayan 2016, na mutum biyu kuma Pari 2024 ce ta zama ƙarshensa. Ƙofar da Ndlovu ya shiga ta cikinta an toshe ta.

Sai dai mai ba da sadaka ba ya ba da ita sai ya ga hannu a miƙe. A nan ne maganar ta dawo gida, kuma a nan ta fi ɗaci. Kogin Isa yana ratsa Nijar na kimanin kilomita 550, daga iyakar Mali ta Ayoru, ya bi Tilaberi da Yamai, ya fita ta Gaya. Sorkawa da Kurtai sun gaji ruwa kaka da kakanni. Yaransu suna tsayuwa a bakin kwalekwale da ƙafa ɗaya tun ba su yi wayo ba. Ga tabkin Madarumfa a kudancin Maraɗi, ga na Tabalak a jihar Tawa, ga na Gidimuni a Damagaram. Kwaleji nawa ne a bakin waɗannan ruwaye ke da ko da tsohon kwalekwale guda na ɗalibai? Malamin motsa jiki nawa aka horar ya koyar da iyo? Ƙasar da ke da wannan gado, da aka tambaye ta matuƙi, sai ta je wurin wanka ta ɗauko magidanci. An fi son gayyata saboda gayyata tana zuwa da tawaga, tawaga kuma tana zuwa da tafiya da guzuri, kuma sanannen abu ne a nahiyar nan cewa masu rakiya sukan fi masu wasa yawa. Ƙungiyar yara a Gaya ba ta kai kowa Landan.

Nijar ta san hanyar da ke ɓullewa, domin ta bi ta. Kokowa ba da takardar gayyata ta girma ba. Yaro yana fara ta a dandalin ƙauye bayan girbi, ya hau matakin gunduma, ya hau na jiha, kafin ya tsaya neman takobi, gasar da aka fara a Tawa a 1975. Lambobin Olamfik biyu da ƙasar ke da su, tagullar Isaka Dabore a damben zamani a Munik a 1972 da azurfar Abdurrazak Isufu Alfaga a takwando a Riyo a 2016, dukansu na mutanen da suka ƙware ne bayan shekaru na horo. Alfaga tun yana yaro ya fara, kuma a 2017 ya zama zakaran duniya. Babu wanda ya yi musu tafin tausayi.

Akwai suka mai nauyi da ya kamata a saurara. Wani malami zai ce: a ƙasar da dubban yara ke karatu cikin azuzuwan zana, inda gobara ta cinye ɗalibai a unguwar Pays-Bas ta Yamai a watan Afirilun 2021, ta sake cinye wasu a Maraɗi a watan Nuwamba na shekarar, wa ke da bakin zancen jirgin tsere? Gaskiya ya faɗa, kuma duk wanda ya nemi a sayo jiragen kabon daga Italiya kafin a gina aji, ya cancanci a kore shi daga taro. Amma matakin farko na wannan wasa ba jirgin kabon ba ne. Iyo ne. Babu ƙungiyar kirki da ke barin yaro ya hau jirgi bai iya iyo ba. Kowace damina ana binne yaran da suka nutse a gulbi, a tabki, a ramukan da aka haƙi ƙasar gini, kowace shekara kuma ana jin kifewar jirgin fito a kogi da mata da yara a ciki. Darasin iyo da tseren kwalekwalen katako tsakanin makarantun bakin ruwa, da rigunan ceto ashirin, da masunci ɗaya da aka biya ya tsaya gadi saboda dorina da zurfi, ba su kai kuɗin tafiyar tawaga ɗaya ba. Ko da ba a sami zakara ko ɗaya daga ciki ba, an rage makoki. A Argungu, can ƙetaren iyaka, tseren kwalekwale yana cikin bikin kamun kifi tun da daɗewa, jama'a kuma suna cika bakin ruwa domin kallonsa. Ba sai an koya wa mutanen kogi son tsere ba.

Wajibi ne kuma malamai su san cewa hanyar makaranta tana da nata ramin. Ƙasar da ta fi kowa mamaye gasar matasa kafin 1990 ita ce Jamus ta Gabas. Ana bin azuzuwa ana auna tsawon yara, a kwashe dogaye zuwa makarantun wasanni na musamman, kuma daga 1974 gwamnati ta tsara shirin ba ƴan wasa magungunan ƙara ƙarfi, har da ƙananan yara da ba su san abin da suke haɗiya ba. A shekarar 2000 kotu a Balin ta sami tsohon shugaban wasannin ƙasar, Manfred Ewald, da laifi. Gwamnatin da ta ɗauki yaro a matsayin abin kiwon lamba ta fi wadda ta manta da shi muni. Abin da ya raba malamin Marlow da jami'in Jamus ta Gabas shi ne na farkon ya san sunan yaron da na iyayensa.

Wata ƴar ƙofa ta buɗe a ƴan shekarun nan, ya kamata a faɗe ta don adalci. An ƙirƙiro tseren bakin gaɓa: ɗan wasa ya sheƙa da gudu a kan rairayi, ya faɗa jirgi mai faɗi wanda ba ya saurin kifewa, ya tuƙa mita 250 yana kewaya alamomi, ya juyo, ya sake gudu zuwa layin ƙarshe. Ba ya bukatar tabkin fam miliyan 17, kuma masu shirya gasa ne ke ba da jiragen, kowa ya hau iri ɗaya. An sa shi cikin Olamfik ta 2028, an kuma sa shi cikin wasannin Olamfik na matasa na Dakar na 2026, a gaɓar Sali. A gasar duniya ta wannan salo, matasan Tunisiya ƴan ƙasa da 19 sun riga sun ciwo zinare. Da aka rage tsadar shiga, nan da nan sunan Afirka ya bayyana a saman allo, abin da ke nuna cewa tun farko ba ƙarfin damtse ne ya yi ƙaranci ba. Nijar ba ta da teku, amma tana da rairayi da ruwa a wuri ɗaya a duk tsawon rani.

Saura wani sharaɗi da ba a ambata a tarukan ma'aikatar wasanni, alhali kowane daraktan makarantar firamare ya san shi. Ɗan wasa yana cikin rukunin matasa ne har zuwa 31 ga Disamba na shekarar da ya cika 18, kuma fasfo ne ke shaida. Yaron da aka haifa a 2014, damarsa ta ƙarshe ita ce gasar 2032. In a wani tsibiri na Tilaberi aka haife shi, ko a wani ƙauyen masunta na Madarumfa, mai yiwuwa ne ba a rubuta haihuwarsa a ko'ina ba, sai ranar da jarrabawa ta matso darakta ya kwashi sunaye ya nufi wurin alƙali neman takardar madadin haihuwa, a ƙiyasta masa shekara, a rubuta masa 1 ga Janairu.